Agogon tauraron ɗan'adam ba ya tafiya daidai da namu

Direban da ya tashi daga Agadas ya nufi Dirku, in guguwa ta shafe sawun motoci, GPS ne madogararsa. Na'urar kuwa tana cin gajiyar wani lissafi da Albert Einstein ya fitar a 1905, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, ƙasar Suwizalan.

Tushen maganarsa shi ne: haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma duk wanda ya auna, a tsaye yake ko a guje, adadin da zai samu ke nan. In gudun haske bai canzawa, to dole lokaci ya canza: agogon da ke tafiya da sauri yana jinkiri a idon wanda ke tsaye. Abin kamar tatsuniya, amma an auna an gani.

Taurarin GPS na shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, da gudun kilomita 14,000 a awa. Gudun nan na rage wa agogonsu mikrosakan 7 a rana (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Sai dai ƙa'idar Einstein ta 1915 ta nuna cewa inda ƙarfin jan ƙasa ya yi rauni agogo ya fi sauri, wannan kuma na ƙara 45. Saura 38. Kar ka raina su: cikin wannan ɗan lokaci haske ya ci kilomita 11, kuma da lokacin da saƙo ya ɗauka ne wayarka ke auna nisa. Shi ya sa tun kafin a harba tauraron ake ɗan rage saurin agogonsa.

Agogon kansa na atom ne, ɗan kimiyyar kwantum, wadda ta gano cewa atom na karɓa da sakin makamashi a ƙayyadaddun gutsattsari. Tun 1967 ma'aunin daƙiƙa shi ne kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken atom ɗin siziyom.

Akwai wata shaidar da ke ratsa jikinka yanzu haka. Ƙwayoyin muwon na samuwa a sama, wajen kilomita 15, tsawon rayuwarsu kimanin mikrosakan 2.2, wanda bai isa su wuce mita 660 ba. Amma suna isowa ƙasa, don gudunsu ya kusa na haske, agogonsu ya yi jinkiri.