Medea: Fim ɗin Italiya kan matar da ba ta da gidan komawa

Duk mai cin kasuwar Gaya ya san irin auren da ake ƙullawa a wannan yanki namu. 'Yar Tunuga ta auri ɗan Kamba a Nijeriya, wata kuma a kai ta Malanbil a Benin, ta bar dangi a tsallaken kogi. Wannan ne ya sa muka kawo wa iyayenmu mata 'yan kasuwa labarin wani tsohon fim na ƙasar Italiya mai suna Medea, wanda Pier Paolo Pasolini ya shirya a 1969.

Asalinsa wasan kwaikwayo ne na ƙasar Girka da Euripides ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Atina shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Medea 'yar sarki ce. Wani baƙo mai suna Jason ya zo ƙasarsu neman fatar rago ta zinariya, wadda ita ce babbar dukiyar mutanenta. Son sa ya kama ta, ta sato masa fatar, har ta kashe ɗan'uwanta a hanyar gudu don kada a cim masu. Suka zauna a birnin Korinti, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu. Da ya samu wuri, sai ya nemi auren 'yar sarkin garin, sarki kuma ya ba Medea kwana ɗaya tak ta bar ƙasar.

Wasu za su ce ai kishi ne kawai. Mu dai ba mu ga haka ba. Kishiya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, kuma mace idan abin ya ishe ta takan yi yaji zuwa gidan ubanta, manya su zauna a sasanta. To Medea ina za ta? Da hannunta ta toshe hanyar gida, jarinta kaf ta zuba wa miji, a garin kuma ba ta da wa ba ta da ƙane. Matan da aka aurar tsallake sun ɗanɗana kaɗan daga wannan a 2023, lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, zuwa gaida uwa ma sai an shiga kwalekwale.

Abin da ta aikata kuwa ba shi da uzuri. Ta aika wa amarya kyautar tufafi wadda ta zama ajalinta da na ubanta. Sannan ta yi wa yaran nan wanka, ta lallaɓa su suka yi barci, ta kashe su, ta cinna wa gidan wuta.

An ɗauki fim ɗin a Turkiyya da birnin Halab na Siriya da kuma Italiya. Wadda ta fito a matsayin Medea ita ce Maria Callas, shahararriyar mawaƙiya 'yar asalin Girka, amma ko waƙa ɗaya ba ta rera a ciki ba, maganarta ma kaɗan ce, ido ne ke aiki. Shekara guda kafin nan, a 1968, attajirin jiragen ruwa Aristotle Onassis, wanda ta shafe shekaru tare da shi, ya bar ta ya auri Jacqueline Kennedy, matar marigayi shugaban Amurka. Callas ba ta sake fitowa a wani fim ba har rasuwarta a birnin Faris a 1977.