Wa Zai Tsare Kayan Tsoho Mai Gigin Tsufa?

A ƙasar Amurka akwai gidaje na musamman don tsofaffin da gigin tsufa ya kama, watau ciwon nan mai cinye tunani wanda likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa mafi yawa a 1906. Iyali su kan kai tsohonsu can, su riƙa biyan kuɗi kowane wata. Cikin kuke-kuken da su ke kai wa hukuma akwai ɓatan kaya: zobe, tabarau, haƙoran roba, na'urar taimakon ji, da 'yan kuɗin aljihu.

Abin da ya sa maganar ta yi wuya shi ne, ciwon kansa ya kan sa mai shi zargin sata. Tsohuwa ta kan tura zobenta cikin safa, ta manta, gari na wayewa ta ce mai shara ce ta ɗauke. Wani tsoho kuma sai ya faɗa ɗakin maƙwabcinsa ya sa rigarsa, yana tsammani tasa ce. To, ran da aka yi sata ta gaskiya fa, wa zai saurari tsohuwar nan? Mai dogon hannu ya san shaidarta ba ta karɓuwa. Ma'aikaciya mai amana kuwa ga ta tana shan ƙazafi a banza.

A 1987 Majalisar Amurka ta kafa doka a kan gidajen jinyar tsofaffi masu karɓar kuɗin Gwamnati, ta ba mazauninsu ikon riƙe kayansa, ta kuma ce in ya ba gidan ajiyar kuɗi, lalle a ware su a riƙa lissafinsu dabam. Jihar Kalifoniya ta ƙara gaba. Ran da aka karɓi mutum sai a rubuta kayansa ɗaya ɗaya, a sa musu alama, har haƙoran roba a zana musu shaida. Abin da ya kai dala 25 in ya ɓata sai a shigar da shi littafi. In ya kai dala 100 kuma ana zaton sata ce, a gaya wa 'yan sanda cikin sa'a 36. Akawuna da malaman makaranta ba sa bukatar mu faɗa musu amfanin wannan, don sun san abin da ba ya cikin rajista ba shi da mai tsaya masa ran bincike.

Amma fa littafi ba ya rubuta kansa. A ganinmu nan ne gizo ke saƙa. Binciken da aka yi wa Gwamnatin Amurka a 2001 ya nuna kowane mazauni yana bukatar kulawar kamar sa'a 4.1 a yini da dare. A Afrilun 2024 Gwamnati ta yanka mafi ƙaranci sa'a 3.48. In mun raba sa'a 24 da wannan, ma'aikaci ɗaya ke nan ga tsofaffi wajen bakwai, shi zai yi musu wanka, ya ba su abinci a baki, ya juya wanda ba ya iya juyawa. Masu gidajen suka ce ba su da inda za su samo ma'aikatan. A Afrilun 2025 wani alƙali a Texas ya soke manyan sharuɗɗan, a Yuli kuma Majalisa ta hana a tilasta su sai 2034. Ko da ma can, da yawa daga gidajen masu gigin tsufa ba su shiga ƙarƙashin wannan doka ba, kowace jiha da nata tsari.

Ma'aikaciyar da ta shekara biyu da tsohuwa ta san zoben yana cikin safa, minti ɗaya ta fito da shi, magana ta mutu. Sabuwar da aka aro jiya daga kamfanin haya ba ta san ko sunanta ba, balle maɓoyarta. Albashin aikin kaɗan ne, wahalarsa da yawa, saboda haka ma'aikata ba su cika daɗewa ba, kowace ta tafi kuwa ta tafi da abin da ta sani.

Don haka a kan shawarci iyali su ɗauki hoton kowane kaya, su riƙe kwafin takardar, su bar zoben zinariya a gida su kawo na kwaikwayo. Kafin su sa hannu kuma su je gidan bayan sallar isha, su ƙirga da idonsu ma'aikata nawa ke tsaye.