Ƙaninka yana aji huɗu, amma ya iya karatu kuwa? Aikin da ke jiran matasan Daura a cikin gida

Lokacin Sallar Gani da ta wuce na je gida Daura. Da daddare, bayan an dawo daga kallon hawa, muna zaune a tsakar gida kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana tura hotunan dawaki, sai ɗiyar yayata, 'yar aji huɗu a firamare, ta ɗauko littafinta na Turanci ta ce, "Kawu, tsaya ka ji, na iya karatu."

Ta buɗe shafi ta fara zubowa babu gargada. Daɗi ya kama ni, har na ɗaga waya zan yi mata bidiyo in saka a WhatsApp. A nan ne na lura idonta ba ya kan takardar. Na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce, "Wannan fa?" Shiru. Na karɓi fensirinta na rubuta "tuwo" a bayan littafin. Ta kalla, ta sake kalla, sannan ta ce, "Kawu, ba a koya mana wannan ba."

Ashe hadda ce. Malam ya faɗa, aji ya amsa, har shafin ya zauna mata a ka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu wanda ya sani a gidan. Kullum ana wanke mata yunifom, ana ba ta kuɗin tara, a zangon da ya wuce ma ta bakwai ta zo a ajinsu. Mu matasan gidan kuwa, mu huɗu da muka gama sakandare, babu wanda ya taɓa zama da ita na minti biyar a kan littafi.

Ba a gidanmu kaɗai ba ne

Binciken MICS na shekarar 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna cewa a cikin yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai ke da tushen karatu, kashi 25 kuma ke da tushen lissafi. Wato idan ka tara yara huɗu, da ƙyar ɗaya zai karanta ɗan gajeren labari ya amsa tambayoyi a kansa. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimta.

A soshiyal midiya mun fi yin surutu a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma gaskiya matsala ce babba. Amma akwai wata a ɓoye: yaron da yake zuwa kullum, sunansa na cikin rajista, yana wucewa aji zuwa aji, alhali bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Shi babu mai ɗaukar hotonsa, domin a ido komai lafiya.

Ku duba lamarin ta fuskar garinmu. Yau a Daura akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kwalejin jiha mai sunan marigayi Dokta Yusufu Bala Usman. To wa zai zauna a kujerun nan da shekara goma sha biyu? Idan yaran Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango suka fita firamare ba su iya karatu ba, gine-ginen suna garinmu, gurbin karatun na wasu. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda muke alfahari da shi, a firamaren Daura da ta Mai'adua ya fara kafin ya wuce Midil ta Katsina. Daga irin waɗannan azuzuwan komai yake farawa.

Me ke faruwa a cikin aji?

Kafin a ɗora wa malamai laifi, a tsaya a duba yanayin aikinsu. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin ɗaya ko na biyu a makarantar gwamnati ta cikin gari ya san sau da yawa adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Malamin da ke gaban cunkoson yara ba shi da damar bin kowa ɗaya bayan ɗaya. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rubuta a allo, ya karanta, aji ya amsa da murya ɗaya. Yaran gaba su kama, na baya su bi sahun murya. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, kuma mataki ne mai kyau, sai dai yara ma ƙaruwa suke yi kowace shekara.

Sai kuma batun harshe. Tun a manufar ilimi ta 1977 aka ce a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana Ministan Ilimi, ta amince a faɗaɗa hakan zuwa duk shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce Turanci ne harshen koyarwa. Ana nan ana ta muhawara a kai, amma yaron da ke zaune a aji ba zai jira a gama ba.

Abin da aka gwada aka gani shi ne yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake ji. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A nan jiharmu ma, shirin RANA da UNICEF ta tallafa, wanda aka fara a Katsina da Zamfara, da Hausa ya koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da lissafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rubutun Hausa yana bin furuci: wasali biyar ne, a, e, i, o, u, kuma "ba" kullum "ba" ce. Yaron da ya gane wannan sirrin zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Idan ya zo Turanci, sabon harshe kawai zai koya, dabarar karatun tana hannunsa. Mu ma ai mun san wannan matakalar tun a makarantar allo: sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru, babu malamin da zai tsallake da yaro.

Gwajin minti biyar

A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fito da wata hanya mai sauƙi: a gwada yaro a gano inda ya tsaya, a fara koya masa daga nan, ba tare da la'akari da ajin da yake ba. Kai ma za ka iya yin irin wannan gwajin yau da daddare, da biro da takarda kawai.

Rubuta baƙaƙe da wasula goma a warwatse, kada ka jera su yadda ake rera su. Idan ya gane su, rubuta kalmomi biyar da ba na littafinsa ba: gero, rijiya, ƙosai, ɗaki, Kusugu. Idan ya wuce, rubuta jimla uku gajeru. Idan ya karanta, rufe takardar ka tambaye shi me aka ce. Inda ya maƙale, nan ne ajinsa na gaskiya, ko da a makaranta yana aji biyar.

Don Allah kada a yi dariya, kada a kira 'yan gida su zo kallo, kuma kada a ɗauki bidiyo. Yaron da aka kunyata a kan littafi sai ya tsani littafin.

Minti ashirin tsakanin magariba da isha'i

Iyayenmu da yawa, musamman a ƙauyuka, ba su yi boko ba, kuma ba kowane gida ne ke da kuɗin malamin lesin ba. Amma kusan kowane gida yanzu akwai wani yaya ko wata yaya da ta gama sakandare. Mu ne nan. Lokacin da muke ƙonawa a TikTok a dare ɗaya ya isa darasin mako guda.

Ka ware lokaci ɗaya tsayayye. Yaranmu da safe boko, da yamma Islamiyya, don haka tsakanin magariba da isha'i ya fi dacewa a gidaje da yawa. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Idan babu wuta, fitilar wayarka ta isa.

Fara da gaɓoɓi: ba, be, bi, bo, bu. Sannan a haɗa: ba-ba, bi-ki, ku-ka. A rubuta a ƙasa da tsinke ko a bango da gawayi, yaro ya bi da yatsa. Kada ka manta da ɓ, ɗ da ƙ, domin "baki" daban, "baƙi" daban.

Ku yi tatsuniya, amma da ƙari. Bayan Gwaggo ko Kaka ta gama ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ka sa yaron ya maimaita da bakinsa, kai kuma ka rubuta jimla uku daga abin da ya faɗa, ya karanta maganarsa da kansa. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, wanda kowane ɗan Daura ya tashi da shi, ya isa darasi. Idan ya fara sakin baki, nemo masa tsofaffin littattafan koyo irin su Ka Koyi Karatu, daga baya ya hau Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

Lissafi kuwa yana nan birjik a gida. Murafun kwalba, ƙwallon dabino, canjin aike. Ka ba shi naira 500 ya sayo abin naira 350, amma kafin ya fita ya faɗa maka canjin. Wani abin mamaki, yarinyar da ke talla ba ta kuskuren canji, amma a rubuta mata wannan lissafin a takarda sai ta rikice. Aikinka shi ne ka nuna mata cewa abu ɗaya ne.

Uwar da ba ta iya boko ba ita ma tana da rawar takawa. Ta ce, "Zo ka karanta mini abin da kuka yi yau," ta saurara. Ta duba ko akwai rubutun yau a littafi, ko malam ya sa jan biro. Ta tabbatar yaro ya sha koko kafin ya fita, domin mai jin yunwa ba ya jin malam. Uba kuma ya lura da ranakun da ake fashi: ranar kasuwar Mai'adua, lokacin shuka da na girbi, ranakun biki. Kwana ɗaya-ɗaya ne suke taruwa su cinye zango.

Idan kun yi wata biyu babu motsi, a duba lafiya. Wani yaron allon ne ba ya gani sosai, wani kunne ne. Irin waɗannan ake kira daƙiƙai ana duka, alhali asibiti suke buƙata.

Ka taka zuwa makarantar

Yaushe rabon wani daga gidanku ya je makarantar ƙaninka ba don an kira shi a kan laifi ba? Ka je ka gaida malamin ajin cikin girmamawa, ka ce, "Malam, ina ne yaron nan yake da rauni, me za mu yi masa a gida?" Yawancin malamai suna jin daɗin wannan tambayar, kuma yaron da aka san ana bibiyarsa ba ya ɓacewa a bayan aji.

Akwai kuma kwamitin al'umma na kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, inda iyaye, masu unguwanni, mata da tsofaffin ɗalibai suke da wakilci. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Idan rufin aji ya yaye ko babu malami, ta wannan kwamitin ake kai kuka ofishin ilimi na ƙaramar hukuma har zuwa SUBEB. Rubutu a Facebook yana da amfaninsa, amma ya fi nauyi idan ka je ka gani da idonka. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da muke da su a WhatsApp ma, da za su ware ko da rana ɗaya a mako lokacin hutu su tara yaran unguwa a zaure, da an ga canji.

Ita ɗiyar yayata, kafin in bar gari na damƙa ta a hannun ƙanwata da ke jiran sakamakon jarrabawa, muka yi yarjejeniya ni zan riƙa sa mata data. Sun fara daga a, e, i, o, u, 'yar aji huɗu guda, tana kuka tana cewa wannan karatun 'yan aji ɗaya ne. Bayan wata uku aka turo mini hoton wata takarda da rubutun fensir a karkace: "Kawu ka sayo mini takalmi." Ita ta rubuta da hannunta, babu wanda ya faɗa mata baƙi ko ɗaya. Har yanzu Turancin da saura, amma an kama hanya.

Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau bayan magariba, kira ƙaninka ko ƙanwarka, rubuta kalma biyar, ka miƙa takardar.