Pandanus

Pandanus tsiro ne na ƙasashe masu zafi da laima, daga dangin Pandanaceae. Ganyensa dogaye ne masu ƙaya a gefe, suna fitowa a murɗe suna zagaye kara. Idan ya girma yakan fitar da saiwoyi daga jikin kara su sauka ƙasa su tokare shi. Nau'in Pandanus utilis asalinsa tsibiran Tekun Indiya ne, shi kuwa Pandanus candelabrum yana fitowa da kansa a bakin rafuka a Afirka ta Yamma, har da Najeriya.

Shuka da kulawa

Ana shuka shi don ado a tukunya ko a tsakar gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, a dasa su a ƙasa mai yashi da taki wadda ba ta riƙe ruwa.

A wuri irin Tudun Wada a Zariya, damina daga Mayu zuwa Oktoba tana wadatar da shi. Wahalarsa tana zuwa ne da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke ƙona bakin ganyen. A nan ake yawan kuskure: mai shi ya ga ganye na bushewa sai ya ƙara ruwa, saiwar ta ruɓe. Abin da ya fi shi ne a kai tukunyar inda iska ba ta dukanta, a goge ƙurar ganyen, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake ban ruwa. Ba a yanke saiwoyin da ke tokare shi, kuma a nisanta shi da inda yara ke wasa saboda ƙayar.