Ƙarfen da ka tsinta a burgamin kaka: na bindiga ne ko na wata sana'a?

A Augie da sauran garuruwan ƙasar Argungu akwai gidaje da yawa da suka gaji farauta kaka da kakanni. Idan tsoho ya kwanta dama aka zo rabon gado, aka zazzage burgaminsa, akan ga layu da wuƙa, sai kuma wasu 'yan ƙarafuna da babu wanda ya san aikinsu. Wannan ya ce awartaki ne, wancan ya ce kayan tsubbu ne. Sau da yawa kayan ɗurin bindiga ne, kuma da ido ake gane su, ba da gwaji ba.

Mene ne kayan ɗuri?

Bindigar toka, wadda wasu ke kira baushe, ta baki ake ɗura ta. Ba ta cin harsashi haɗaɗɗe. Albarushi daban, wato baƙin garin nan da ke kamawa da wuta ya tunkuɗa abin da ke gabansa, dalma daban, kuma duk harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Shi ya sa maharbi ba ya rabuwa da ƙananan kayan aiki.

Bindigar zamani kuwa komai nata yana cikin harsashi guda: kwanso, albarushi, dalma, da 'yar hular ƙarfe a gindi wadda ke tayar da wuta idan an buge ta. A wasu ƙasashe, musamman Amurka, mafarauta kan tara kwanson da suka harba su sake cika shi a gida, kuma kamfanoni na ƙera musu kayan yin hakan. Irinsu kan ɓullo nan jefi-jefi, a kayan tsohon soja ko a tulin gwangwan.

Yaya za ka gane wanda ke hannunka?

Wanda ya fi rikita mutane shi ne mazubin dalma. Yana da hannu biyu da mahaɗi a tsakiya, sak awartaki. Buɗe bakinsa ka duba ciki. Awartaki bakinsa shafaffe ne ko mai haƙora, don riƙo aka yi shi. Mazubi kuwa kowane leɓe yana da rami, rabin ƙwallo a nan, rabin ƙwallo a can, idan ka rufe su haɗu su ba da ƙwallo cikakke, da 'yar kafa a sama. Sau da yawa za ka ga cikin ramin ya yi baƙi, ko ɗan ɓurɓushin dalma ya maƙale a bakin kafar.

Ƙahon sa mai toshe a tsini da maratayin fata, na ajiye albarushi ne. Idan akwai ɗan guntun ƙaho ko ƙashi mai rami ɗaure a jikinsa, ma'auni ne. Doguwar sanda siririya, ta ƙarfe ko ta icce, mai ɗan kumburi a kai, sandar ɗuri ce, kuma tsawonta yakan kai na bututun bindigar. Wata tana da murɗaɗɗen ƙarfe mai tsini a ƙarshe, da shi ake zaro ɗurin da ya ƙi tashi. Siririyar waya mai tsini da ke rataye da zare, ta tsokace kafar wuta ce idan ta toshe. Ɗan dutse mai kaifi da aka naɗe a fata kuwa ƙanƙara ce, ta tsofaffin bindigogin da ke tashi da tartsatsi.

Kayan Turawa sun fi waɗannan kyan ƙira. Akwai mai maƙali da ake ɗaure shi a gefen tebur, da hannu da ake juyawa. Aikinsa naɗe bakin kwanson takarda na bindigar harbin tsuntsaye. Akwai mai siffar awartaki da rami mai zare a ƙugu, inda ake murɗa wani bututu, shi ma na sake cika kwanso ne.

Ba zai yiwu na masunci ko na baduku ba ne?

Zai yiwu ƙwarai, kuma a bakin Gulbin Rima wannan ce tambayar farko. Masunta ma suna aiki da dalma, ita ke nutsar da gindin birgi da taru. Bambancin yana ga abin da mazubin ke fitarwa. Dalmar masunta tana bukatar kafa ko tsaga da igiya za ta bi, don haka takan zama doguwa ko mai huji. Ta bindiga dunƙulalliya ce, ba ta da wurin ɗauri.

Haka ɗan bututun ƙarfe mai kaifin baki da ake buga wa guduma. Maharbi zai iya yanka fata ko ƙyalle da shi, amma baduku ma da irinsa yake huda fata. Shi kaɗai ba ya nuna komai. Dubi abokan zamansa a cikin jakar: idan allura da zare da guntayen jar fata ne, ka san mai shi.

Rubutun da ke jiki fa?

Goge tsatsa da busasshen tsumma ka duba. Sunan Ideal na wani kamfani ne da John Barlow ya kafa a garin New Haven na Amurka a 1884, wanda daga baya kayansa suka koma hannun kamfanin Lyman. Sunan Lee na Richard Lee ne, wanda ya fara sayar da ƙananan kayan cika kwanso a 1958.

Idan lamba ka gani, 12 ko 16 ko 20, faɗin bakin bindigar take nufi. Lissafin tsoho ne: a raba laba ɗaya ta dalma, wato giram 454 ko kusa, zuwa ƙwallaye 12 daidai wa daida, girman ƙwallo ɗaya shi ne bakin bindiga mai lamba 12. Saboda haka mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki, abin da kan ba mutane mamaki.

Ina haɗarin yake?

Ƙarfen kansa ba ya fashewa. Abin tsoro shi ne garin da ya rage a ƙaho, da 'yan hulunan tagulla da akan samu a gwangwanin taba, da bindigar da ke jingine a lungu. Albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa. In bai jiƙe ba, zai tashi bayan shekaru masu yawa. Kada ka ɗebi kaɗan ka jefa a wuta don ka tabbatar, kada ka buga hular da dutse. Tsohuwar bindiga kuma ka ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, domin maharba da yawa a ɗure suke ajiye ta. Kada ka leƙa bakinta, kada ka taɓa kunamarta.

Dalma guba ce, ta fi illa ga yara. A 2010 gubarta ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Kada ƙwallayen su zama abin wasan yara, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani, lasisinta yana hannun sufeto janar na 'yan sanda. Bindigar da ake ɗurawa ta baki, al'amarinta yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, a Kebbi ke nan ofishinsa na Birnin Kebbi. Ajiye harsashi ba lasisi laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara 5. Ƙera makami ko harsashi ba izini ya fi shi nauyi, dokar ta ce ba ƙasa da shekara 10 ba. Lasisi kuma ba a gadonsa.

Ka lura da lokacin da muke ciki. Tun harin Lakurawa a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, jami'an tsaro ba sa wasa da abin da ya shafi makami a wannan yanki. Jami'in da ya tsayar da kai a hanya bai san kakanka ba, abin da ke jakarka yake gani.

Wa za ka tambaya, kuma nawa ne?

Ɗauki hoto da waya: a rufe, a buɗe, da wurin rubutu, ka ajiye kwalin ashana a gefe don a ga girmansa. Hoton za ka yi yawo da shi, kayan su zauna a gida nesa da murhu. Fara da Sarkin Baka na garinku ko tsohon maƙeri. Gaisuwa da ɗan goro sun isa. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka gina a 1831, ya zama fadar sarki har 1942, aka buɗe shi ga jama'a a 1958, yana ajiye da makaman Kabawa na da, kana iya kwatanta naka da nasu. Idan kuwa akwai bindiga, albarushi ko harsashi a cikin kayan, ka sanar da mai gari ko hakimi, a haɗa ka da ofishin 'yan sanda su zo su ɗauka da kansu.