Mu San Ƙasarmu: Duwatsun Kudancin Kano

Idan a Gawuna ka tashi, mai yiwuwa duwatsun da ka sani ba su wuce Dala da Goron Dutse ba, har ka ɗauka ƙasar Kano duk shimfiɗaɗɗa ce kamar faifai. To, ba haka abin yake ba. Akwai wani yanki can kudu, a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa, inda duwatsu suka yi jerin gwano. Ya kamata ka san shi, don kuwa ruwan shanka da wani ɓangare na abincinka suna da alaƙa da shi.

Ga yadda za ka je. Ka kama hanyar Zariya, ka wuce Kura, in ka isa Kwanar Dangora sai ka karya hagu ka ɗauki hanyar Jos. Da ka wuce Tudun Wada za ka faɗa dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga birni. Gaba da shi kuma ga Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda wasu duwatsun suka haura mita 1,000 daga saman teku. Dala kuwa bai kai mita 600 ba.

Su waɗannan duwatsu ba irin Dala ba ne. Kan Dala marmara ce, su kuwa na Riruwai tsauri gare su ƙwarai. Masana ilimin ƙasa sun ce asalinsu narkakken dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare, tun miliyoyin shekaru da suka wuce. A arewacin Turai da Amurka, ƙanƙara mai kauri ce ta taɓa rufe ƙasa ta goge tuddai. Namu kuwa ƙanƙara ba ta bi ta kansu ba. Zafin rana da sanyin dare ne ke tsattsaga su, ruwan sama ya wanke ɓarɓashin zuwa kwari. Shi ya sa ƙasar gindin dutse take da albarka, masara da rake suke yin kyau a can. Ga shi kuma daminarsu ta fi tamu tsawo da yawan ruwa.

Sai batun itatuwa. A can za ka ga doka da maje da kirya da maɗaci da marke, ga gora a bakin rafuka. Hano kuwa kan dutse yake so, kuma masu magani suna ɓare ɓawonsa. Ɗorawa ita ke ba da kalwar da ake yin daddawa, kaɗanya ta ba da man kaɗe. Akwai taura da tsada da ɗinya da gwandar daji, waɗanda yaran ƙauye ke tsinka kyauta, kai kuwa sai ka saya a kasuwa. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin Falgore, daga baya aka mai da shi gandun namun daji.

Tarihin wurin ma abin sani ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke haƙo kuza, su narka ta, su mai da ita sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su kai kasuwanni, maƙeran fari su saya. Farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shigo harkar kuza a wannan yanki har zuwa Jos. Daga baya an haƙa babban rami na ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, amma aikin ya tsaya cikin shekarun 1980, lokacin da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985.

Dutse kuma mafaka ne. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda saɓani da hukumar Kano kan haraji, suka shige duwatsun Ningi da ke gabas da wannan yanki, cikin Jihar Bauchi ta yau. Doki ba ya iya yaƙi a kan dutse, shi ya sa sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi, suka daɗe suna fama da Ningawa. A yau Hausawa da Fulani da Kurama ne ke zaune a ƙasar Doguwa, kowa da harshensa, kasuwa ta haɗa su.

To, ina ruwanka da wannan duka? Ai ruwanka ne ma kuwa. Kogin Kano ta cikin wannan yanki yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ake ba gonakin rani na Kadawa da Kura ruwa, inda ake noma shinkafa da tumatir da alkama. Daga wannan kogi kuma matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan da ake turo wa birni.

Ga inda gizo ke saƙa. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa a gangaren dutse. In aka sare itatuwa aka ƙona gawayi, ruwan sama zai kwashe ƙasar ya zuba a kogi, yashi da laka su riƙa cike madatsa, ruwan da take iya riƙewa ya ragu. Kirya da marke, da suka fi yin gawayi mai kyau, sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su girma, amma cikin yini ɗaya ake kayar da su.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in an sayo buhun gawayi a gidanku, a yi tattalinsa, a kashe wuta da zarar an sauke tukunya. Ku roƙi malamanku a shuka ko da itace biyar ne a harabar makaranta, kowane aji ya ɗauki nauyin ban ruwan guda. In kuma an shirya ziyarar ilimi, a nemi izinin hukuma, a tambayi lafiyar hanya, a je Tiga a gani da ido. Allah Ya sa mu dace, amin.