Baba Na Gida, Amma Yara Ba Sa Samunsa

Duk lokacin da muhawarar auren ma'aikaciyar jinya ta taso a Facebook, magana ɗaya ake nanatawa, wai dutin dare ne ke hana ta tarbiyyar 'ya'ya. Ba a cika tuna maigadi ba, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin masana'antun Sharaɗa da Bompai da ke karɓar aiki bayan isha'i. Su ai da rana suna gida, in ji mutane, har sun fi ɗan kasuwa samun lokacin iyali.

Wannan zancen ne ya fi damuna. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, wanda haske da duhu ke saitawa. Gano yadda yake aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Idan dare ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin mai jawo barci, gari na wayewa kuma sai ya janye. Saboda haka wanda ya kwanta da hantsi, barcinsa gajere ne, mai yawan yankewa. Ga zafi, ga rashin wuta, ga injin markaɗe a maƙwabta. Tamkar girki ne da ɗanyen itace: an daɗe a murhu, abinci bai nuna ba.

Uban ya tashi da la'asar kansa na sarawa. Yara sun dawo daga boko sun wuce islamiyya, kafin su shigo yana ɗaura takalmi. Abin da suka fi ji a gidan shi ne, "Ku yi shiru, Baba na barci." Ɗan shekara bakwai ya iya sanɗa a tsakar gida, littafin aikinsa kuwa na cikin jaka, ba wanda ya duba. Idan uwa ce ke duti, sau da yawa babbar yaya ke kwantar da ƙanne, alhali ita ma, in ba ta wuce shekara 12 ba, barcin awa 9 zuwa 12 take buƙata.

Auren ma yakan ji jiki. Masaniyar zamantakewa ta Amurka, Harriet Presser, ta gano cewa rabuwa ta fi yawa tsakanin ma'aurata masu yara idan ɗayansu na aikin dare.

Asibiti dai ba ya rufewa, dole wani ya kwana. Amma masu tsara rosta da ke juya ma'aikaci yau safe, jibi dare, ba tare da sanarwa ba, su ne ke hana uwa shirya wa za ta bar wa goyo. Su riƙa fitar da jadawalin wata guda tun kafin watan ya kama, su kuma ba da ranakun hutu bayan kowane zagayen dare.